Me Ya Sa Mutanen Labarina Duk Suke Magana da Baki Ɗaya?

Marubuciya daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa marubuta. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Shekara biyu ke nan ina rubuta wani ƙagaggen labari a kan iyalin wani ma'aikacin masaƙa a unguwar Kakuri da ke Kaduna, daga 1997 har zuwa ranar da aka sallame shi daga aiki, kuma yanzu na kai babi na goma sha huɗu. Na ba wata yayata ta karanta, sai ta dawo mini da shi ta ce labarin ya riƙe ta, amma idan ta sa yatsa ta rufe sunayen masu magana, ba ta iya gane wane ne uba, wace ce uwa, wane ne yaron nan ɗan shekara tara, domin dukansu da bakina suke magana. Na koma na sake karantawa, na tarar gaskiya ta faɗa. Ga abin da maigidan ya ce wa matarsa ranar da ya dawo da takardar sallama:

"Ya ke matata, ki sani cewa yau an sallame mu daga aiki bayan na shafe shekara ashirin da biyu ina yi wa masaƙar nan hidima, ga shi muna da 'ya'ya huɗu da za mu ciyar, amma mu rungumi ƙaddara, domin haƙuri shi ne maganin zaman duniya."

Na san akwai abin da bai zauna ba a nan, amma na kasa gano inda zan sa hannu. Ina roƙon wanda Allah ya ba ilimin abin ya taimaka mini.

Mai gyaran rubutu daga Kawo:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki gode wa yayarki, domin masu karatun da za su gaya wa marubuci irin wannan gaskiyar ba su da yawa. Ki dubi jimlar nan ki tambayi kanki wa maigidan yake yi wa magana. Matarsa ta san shekarun da ya yi yana aiki, tunda ita take tashi ta ɗora masa ruwan wanka, kuma ta fi shi sanin yawan 'ya'yan da ta haifa. Ashe ke nan ba da ita yake ba, da mai karatu yake, ke kuma kin aro bakinsa ne don ki isar da bayanin da kike tsoron kada a manta. Duk inda mutum biyu a labari suke gaya wa juna abin da dukansu suka riga suka sani, to, marubuci ne ya shiga tsakaninsu. Shekara ashirin da biyu da 'ya'ya huɗu ki mayar da su cikin bayaninki na mai ba da labari, ko ma ki bar su, tunda wanda ya biyo ki har babi na goma sha huɗu ya riga ya ƙirga su da kansa.

Malamin Hausa daga Unguwar Rimi:
Na goyi bayan Hajiya, kuma zan ƙara da batun "ya ke matata". Ban taɓa jin magidanci Bahaushe ya shiga gidansa ya buɗe baki da wannan ba, sai dai a fassarar fina-finan waje. Yadda mutane suke kiran juna shi ne abu na farko da yake bambanta bakinsu, kuma harshenmu ya wadata da shi. Matar wannan zamanin da kike rubutawa da wuya ta ambaci sunan mijinta, sai dai ta ce Malam, ko Maigida, ko Baban Wance. Uba kan yi alkunyar sunan ɗan fari, ya kira shi da laƙabi, ko ya ce "kai" kawai, alhali auta ana kiran sunansa har da shagwaɓa. Suruka ba ta yi wa surukinta magana yadda take yi wa ɗanta. Idan kika zauna kika rubuta a takarda guda yadda kowane tauraro yake kiran kowane ɗaya a gidan, da wanda yake iya katse wa magana, da wanda ba ya iya kallo a ido, kin yi rabin aikin kafin ki taɓa jimla ko ɗaya.

Tsohon ma'aikacin masaƙa daga Kakuri:
'Yata, ni ba marubuci ba ne, makaranci ne kawai, amma abin da kike rubutawa a kaina ya faru, shi ya sa na kasa yin shiru. Na yi aiki a sashen saƙa na ɗaya daga cikin masaƙun nan har ranar da aka liƙa sunayenmu a jikin allo. Ranar ban ce wa iyalina komai ba. Na shigo gida da hantsi, lokacin da ba a saba ganina ba, domin mai aikin safe ba ya dawowa sai bayan azahar. Ta dube ni ta ce, "Lafiya?" Na ce, "Lafiya lau." Na nemi tabarma na shimfiɗa a zaure na kwanta. Sai da na kwana uku ina fita da sassafe kamar mai tafiya aiki, in je in zauna da abokaina a bakin ƙofar masaƙa, kafin na iya buɗe baki na gaya mata, ashe tun ranar farko ta sani, domin matan unguwa sun riga sun gaya wa juna. Ta bar ni ne kawai in faɗa da bakina lokacin da na iya. Idan mutumin labarinki irinmu ne, ba zai yi doguwar magana ba, domin abin da ya fi yi wa magidanci nauyi shi ne abin da ya fi jinkirin furtawa.

Marubuciya daga Tudun Wada:
Baba, Allah ya saka da alheri, ya sa abin da ya same ku ya zama kaffara. Na karanta saƙonka sau uku. Abin da ya fi taɓa ni shi ne shirun Mama, domin ni a nawa rubutun na sa matar ta fashe da kuka ta yi jawabi mai tsawon shafi guda.

Malamar Islamiyya daga Badarawa:
Ku yi mini haƙuri, ni ina da ja a nan. Na ga kowa ya taru a kan a yanke maganar maigidan, amma a cikin abin da za a yanke har da kiransa ga haƙuri da rungumar ƙaddara, kuma a ganina wannan shi ne ran babin. Mu ba don nishaɗi kaɗai muke rubutu ba. 'Yan mata da matan aure da suke karanta littattafan nan a waya da daddare, da yawansu daga nan suke ɗaukar yadda za su fuskanci jarrabawa idan ta zo musu. Tun daga tatsuniya har zuwa waƙoƙin wa'azi na malaman jihadi, adabinmu bai taɓa jin kunyar faɗakarwa a fili ba. Ina tsoron kada garin neman gwanintar salo mu wayi gari muna rubuta labaran da mai karatu zai rufe bai ƙaru da komai ba.

Mai gyaran rubutu daga Kawo:
Malama, ban ce a cire haƙuri daga labarin ba, kuma ba na cikin masu ganin faɗakarwa aibi ce. Abin da nake cewa shi ne ki sake duba labarin da Baba ya ba mu yanzu. Kalmar haƙuri ba ta fito ko sau ɗaya ba a cikinsa, amma wace mace ce za ta karanta yadda Mama ta kwana uku tana haɗiye abin da ta sani don ta tsare wa mijinta mutuncinsa, ta ce ba ta ƙaru ba? Idan maigidan ya tsaya ya yi wa'azi, mai karatu zai tsallake sakin layin da ido, domin ya ji irinsa sau ɗari. Idan kuwa aka nuna masa mace tana ɗaura wa mijinta abincin tafiya aiki alhali ta san babu aikin, wannan zai bi shi har makwanci.

Malamar Islamiyya daga Badarawa:
Na ji, kuma misalin ya yi ƙarfi. Amma ba kowane mai karatu ne yake tsinto darasi daga ishara ba, akwai wanda sai an faɗa masa ƙarara. Abin da zan iya yarda da shi shi ne a cire nasihar daga bakin maigidan a wannan ranar, tunda mai ciwo ba ya yi wa kansa wa'azi, a kai ta bakin wanda ya cancanta, kamar limamin unguwa ko mahaifiyarsa, a ranar da ta dace, kuma a taƙaice. Fitar da ita gaba ɗaya kam ban yarda ba.

Marubucin wasan rediyo daga Malali:
Wannan matsayar ta Malama ta yi daidai da aikinmu, domin tsohuwa idan ta yi nasiha a labari babu mai jin baƙon abu, halinta ne. Ni shawarata ga ƙanwarmu daga rediyo na samo ta, inda mai sauraro ba ya ganin fuska, ba ya ganin suna a gefen takarda, murya kawai yake ji. Ki ɗauki babin ki karanta shi da ƙarfi a ɗaki, ko ki ba ƙannenki biyu su karanta miki kina saurare. Duk inda numfashinsu ya ƙare kafin jimla ta ƙare, ko harshensu ya sarƙe, to, ba maganar baka ba ce, rubutu ne aka sa wa alamar zance. Sannan ki lura cewa mutane ba sa amsa tambaya kai tsaye. A tambayi yaro ina ya je, ya ce ai ba shi kaɗai ba ne. A tambayi mace ko ta yi fushi, ta ce abinci yana kan wuta. A irin wannan kaucewar ake gane hali. Kowane tauraro kuma ki ba shi tsawon numfashinsa: wani kalma uku yake yi ya yi shiru, wata sai ta zagaya ta dangi da makwabta kafin ta iso ga abin da ya kawo ta, wani ba ya magana sai da rantsuwa, wani kuma ko za a yanka shi ba zai rantse ba.

Makaranci daga Rigasa:
Ni ina cikin waɗanda suka karanta babi shida na farko da Anti ta turo a watannin baya, kuma ina da abu biyu. Na farko, a babi na uku, wanda aka ce a 1997 ne, maigidan ya zaro takardar naira 500 ya ba ɗansa, kuma a babi na biyar maƙwabcinsa ya kira shi a wayar hannu. Takardar naira 100 ma sai a ƙarshen 1999 ta fito, ta 200 a 2000, ta 500 a 2001, ta 1,000 kuwa sai 2005, kuma layukan wayar salula a 2001 suka fara aiki a Najeriya. A 1997 babbar takarda ita ce ta naira 50. Na biyu shi ne Hausar kanta. Kakuri ba Kano ba ce. Wanda ya zauna a can ya san Hausar da ake yi a layin masaƙa gauraye take da Turanci da bakin ƙabilu iri-iri, amma a labarin kowa Hausar littafin makaranta yake yi. Me zai hana a rubuta yadda ake faɗa, har da ingausar?

Malamin Hausa daga Unguwar Rimi:
Gyaranka na farko ya yi kyau ƙwarai, ɗana, kuma ya nuna cewa duk wanda ya sa wa labarinsa shekara ya ɗauki alkawarin bincike. Na biyun ne nake so mu yi a hankali. Daidaitacciyar Hausa ba a banza aka same ta ba. Tun lokacin da hukumar fassara ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da ƙagaggun labaran farko na boko, da fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ake ta ƙoƙarin a samu rubutu guda wanda mutumin Sakkwato da na Bauchi da na Damagaram za su karanta ba tare da tuntuɓe ba, kuma a kan karin Kano aka fi gina shi. Abin da nake gani yau a labaran waya yana tayar mini da hankali: rabin jimla Turanci, babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, har mutum ya kasa bambanta ƙafa da kafa, ko ɓata da bata, sannan a ce wai haka ake magana. Wannan sakaci ne aka sa masa rigar salo. Ni ra'ayina, muryar mai ba da labari ta tsaya a kan daidaitacciyar Hausa ba tare da sassauci ba. A bakin taurari kuwa a ɗanɗana karin harshe kamar gishiri. Basakkwace ya ce "wanga" ko "mi" sau ɗaya ko biyu, mai karatu zai ci gaba da jin muryarsa har ƙarshen littafi. Bazazzagi ya ce "matana" ko "rigan" a inda Bakano zai ce "matata" da "rigar", ya wadatar. Ba sai an cika shafi da shi ba.

Makaranci daga Rigasa:
Malam, na karɓi batun ƙugiya da na muryar mai ba da labari. Amma ina ganin idan heluma a masaƙa yana ba da umarni da Turanci, a bar shi ya faɗi kalmarsa ɗaya ko biyu da Turancin, domin yaren da ya zaɓa a wannan lokacin yana nuna yadda yake ɗaukar kansa a gaban leburori. Idan aka fassara masa, an rage wani abu daga halinsa.

Malamin Hausa daga Unguwar Rimi:
Idan kalmar tana aiki irin wannan, ban hana ba. Abin da na hana shi ne wadda ta shigo don marubuci ya yi ƙyuyar neman ta Hausa.

Tsohon ma'aikacin masaƙa daga Kakuri:
Ina so in ja kunne a kan batun ƙabilu, domin yaron nan na Rigasa ya taɓo gaskiya, amma wurin yana da santsi. Tun da aka buɗe masaƙar farko ta KTL, wato Kaduna Textiles Limited, a 1957, sauran suka biyo baya, Kakuri da Makera suka cika da mutane daga ko'ina. A layinmu akwai Tibi da Idoma da Nupawa da Yarbawa da Gwari da mutanen kudancin Kaduna, kuma Hausa ce ta haɗa mu, kowa da irin tasa. Wanda ya koya mini gyaran zare idan ya tsinke a kan inji Kirista ne daga kudancin jihar nan, Hausarsa ba ta bambanta namiji da mace, amma ban taɓa zama da mai hankali da amana kamarsa ba. Abin da yake ɓata mini rai a wasu littattafai da wasanni shi ne, da zarar an kawo wanda ba Bahaushe ba, sai a karya masa harshe don a yi dariya, a mayar da shi wawa. 'Yata, idan za ki sa irinsu a labarinki, kuma dole ki sa su in dai Kakuri kike nufi, ki ba su magana mai nauyi ko da Hausar ta karkace. Ki kuma tuna cewa zaman unguwannin nan kafin rikicin addini na 2000 daban yake da na bayansa, domin iyalai da yawa sun tashi, wasu suka haye kogi zuwa arewa, wasu suka gangara kudu. Maƙwabcin da mutuminki yake aron gishiri a wurinsa a babi na uku, wataƙila ba ya nan a babi na goma sha huɗu, kuma rashinsa ma labari ne.

Mai gyaran rubutu daga Kawo:
Baba ya ba ki abin da babu littafin koyon rubutu da zai ba ki. Zan ƙara aiki guda da nake ba duk wanda ya kawo mini rubutu. Ki ɗauki wannan babin ki mayar da shi gajeren labari mai zaman kansa wanda bai wuce kalma 1,500 ba, irin iyakar da gasar Hikayata ta BBC Hausa take sa wa mata marubuta, gasar da aka fara a 2016. Ba don ki shiga gasa ba, sai don matsin wuri ya tilasta miki ki zaɓi maganar da ba za a iya rayuwa ba tare da ita ba. Za ki ga gaisuwar shafi guda ta koma layi biyu, kuma za ki ga waɗanne kalmomi ne na maigidan, waɗanne ne naki.

Marubuciya daga Tudun Wada:
Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Na gyara kuɗin da wayar, nasihar kuma na ɗauke ta na kai bakin mahaifiyarsa a babi na gaba kamar yadda Malama ta ce, jimla biyu kacal. Daren jiya na sake rubuta wurin, ga shi ku duba mini:

Tana tankaɗe a tsakar gida ta ji sallamarsa. Ta dubi inuwar katanga, ta ga ko rabi ba ta janye ba.
"Malam, lafiya?"
"Lafiya lau. Ina tabarmar nan?"
"Tana zaure."
Ya ajiye kwanon abincinsa a bakin ƙofa ya juya. Ta bi bayansa da kallo, babu ko silin auduga a gashinsa.
"In kawo ruwa?"
"Bar shi."

Baba, idan ka amince, ina so in zo da yayana ranar Asabar mu gaishe ka, in zauna in saurari yadda kuke hira da abokan aikinka, domin har yanzu bakin heluma da na maƙwabcin ba su zauna mini ba.

Tsohon ma'aikacin masaƙa daga Kakuri:
Ku zo bayan la'asar, lokacin muke haɗuwa, kuma zan gaya musu tun kafin ku iso don kada su ɗaure fuska. Kada ki fito da waya ko takarda a zuwan farko, ki zauna kawai ki ji, domin da sun ga ana rubutawa za su koma yin magana irin ta taro. Audugar da kika sa daidai ce, haka muke dawowa da ita a kai da gemu har da cikin hanci, kuma Mama da ita take gane ko injuna sun yi aiki ranar. Abu ɗaya ya rage. Bayan ya wuce zaure, ki sa ta ɗauki kwanon don ta wanke, ta ji shi da nauyi, ta buɗe ta tarar da tuwon yadda ta zuba shi da asuba. Nawa haka ya dawo ranar, ta mayar da murfin ta ajiye mini shi har dare.